Saura Yatsa Uku

Ba wanda ya naɗa shi Sarkin Lodi, shi ya naɗa kansa, kuma da yake ba a biyan haraji a kan suna sai mutane suka bar masa. A wani babban sito na kayan masarufi yake aiki, inda yake tsayawa a bayan manyan motoci da takarda a hannu da alli a bayan kunne, yana nuna wa masu ɗauka inda kowane kwali zai zauna. Shi kansa bai taɓa ɗaga kwali ba, amma in ka ji shi yana ba da labari sai ka rantse a kan kafaɗarsa ake sauke abincin rabin duniya.

"Shekara goma sha ɗaya," haka yake faɗa wa duk wanda tsautsayi ya zaunar kusa da shi, "ban taɓa manta kwali ɗaya ba, ban taɓa fasa ƙwai ɗaya ba. Lodi ilimi ne. Direba ai sitiyari kawai yake juyawa."

To, ana nan sai Allah ya ba shi ɗan fari. Yaro ya yi wata huɗu a duniya, mahaifiyar Sarkin Lodi, wadda suke kira Inna, ba ta sa shi a ido ba, don tafiyar awa shida ce tsakaninsu kuma ciwon ƙafa ya hana ta shiga mota. Tsohuwa ce da ba ta roƙon komai a wurin kowa. Rannan a waya ta ce, "Yaushe za a kawo min maigidan nawa ne, ko sai ya yi gemu?" Maganar ta taɓa shi, don duk cika bakinsa yana son uwarsa. Nan take ya yi mata alkawari: ranar Asabar, a cikin motarsa, da hannunsa zai ɗora mata jikanta a cinya.

Matarsa tana da wa, direba ne na dogon zango, mutum mai ƙarancin magana da kowa ke kira Yaya Direba. Da ya ji batun tafiyar sai ya zo har gida ya ce ai shi ma ranar Asabar hanyar zai bi, kuma bayan motarsa ba kowa.

"Mun gode, Yaya," in ji Sarkin Lodi, yana murmushin da ake yi wa yaron da ya ce zai taya ka ɗaukar buhu. "Amma wannan ba lodin fasinja ba ne. Tafiya da jariri tsari take so."

"Haka ne," in ji Yaya Direba. "Duk da haka zan biyo da ƙarfe goma, ko sallama mu yi."

Bayan ya tafi matar ta kafa sharaɗinta. Yaron yana yin dogon barcinsa ne da hantsi, kuma ita ba za ta shiga hanya da shi cikin zafin rana yana tsala ihu ba. In Yaya ya zo ƙarfe goma ya same su a gida, motarsa za ta shiga.

"Ƙarfe goma?" Sarkin Lodi ya yi dariya har da buga cinya. "Ƙarfe goma ai mun ci rabin hanya. In ya same mu a nan, ki shiga, ni da kaina zan buɗe miki ƙofa."

Tun ranar Litinin ya fara shiri, yana maimaita wa kowa cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Ya ari tef ɗin awo a wurin Tela, wanda shagonsa ke jikin gidan hayar da suke zaune, ƙofa ɗaya a titi ɗaya a tsakar gida. Ya auna but, wato ma'ajiyar kaya ta bayan motar, ya auna kujeru, ya auna ƙarƙashin kujeru. Ya sayo ƙarfen ɗora kaya ya ɗaura a saman motar ya auna shi. Har yaron ya auna, tsawo da faɗi, yana barci. Sannan ya zauna ya rubuta takardar lodi kamar yadda yake yi a sito, kowane kaya da lambarsa, aka bi da alli aka rubuta a jiki.

Kwana uku za su yi, amma takarda ta nuna gadon yaro da katifarsa, gidan sauro biyu ko ɗaya zai yage, jarkar ruwa uku, fanka, murhu, bahon wanka, fo, da keken koyon tafiya.

"Baban yaro," in ji matar, "yaron da ko zama bai iya ba, me zai yi da keken tafiya?"

"Kin san ranar da zai fara? Mai tsari ba ya jiran mamaki."

Ta bi takardar da ido har ƙasa. "Wannan talatin da uku da talatin da huɗu fa? Na ga an rubuta mai fashewa."

"Ke ce da yaron. Dokar lodi kenan: abin da ba a buƙata a hanya shi ke fara shiga, mai fashewa shi ne ƙarshe. Sai na fitar da mota titi sannan ku shiga."

Ta dube shi, ta dubi yaron, ta ninke takardar ta miƙa masa. Wata huɗu na rashin barci sun koya mata cewa ba kowace magana ce ta cancanci amsa ba.

Ranar Asabar da sassafe ya fito da kaya tsakar gida ya jera su layi-layi. Lamba ɗaya famfon buga wa taya iska ne, ya cusa shi can ƙuryar but yana cewa mai lafiyayyun tayoyi huɗu famfo ado ne a wurinsa. Sauran suka bi baya. Tela ya jawo kujerarsa bakin ƙofar shagonsa ta ciki, ya zauna da kofin shayi. Gwaggo mai gidan, tsohuwar da ba abin da ke wucewa a tsakar gidanta ba ta sa baki ba, ta fito ta riƙe ƙugu.

"Tashi za ku yi ba ku gaya min ba?"

"Ziyara ce, Gwaggo. Kwana uku."

"To ranar da za ku yi mako sai ku ciro min rufin ɗakin ku tafi da shi."

"Bar shi, Gwaggo," in ji Tela. "Ilimi ne. Mu da ba mu yi karatun ba sai kallo."

Sarkin Lodi bai kula su ba. Ƙarfe takwas ya gama. But ya cika har sai da ya zauna a kan murfin kafin ya rufu, kujerar baya ta cika saura gurbin mace ɗaya mai haƙuri, a sama kuma gado da katifa da keke sun hau juna, bahon wanka ya kife a kansu. Ya ɗaure komai da igiya, ya yi wani ƙulli da ya ce shi ya ƙirƙiro shi kuma ba mahaluƙin da ya isa ya kwance. Ya ja baya ya kalli aikinsa, zuciyarsa fes. Sai ya sa hannu a aljihu don ya ciro makulli.

Ya laluba na dama, ya laluba na hagu. Ya daki ƙirjinsa.

"Ina wandon da na sa jiya?"

"Lamba tara," in ji matar daga bakin ɗaki. "Kai ka ce duk abin da ba ya jikin mutum a ninke shi."

"Ai da makullin ka buɗe but ɗin," in ji Tela.

"Tun jiya na bar shi a buɗe, don kada a ɓata lokaci da safe."

"Lallai an ci ribar lokaci."

Lamba tara tana ƙarƙashin goma har zuwa ashirin. Ya sauke su yana gumi, ya ciro makulli, ya mayar da su bisa lamba, don ya ce ko ana yaƙi ba ya lodin hargitsi. Yana cikin danna murfin but karo na biyu yaron ya yi wani dogon nishi a kafaɗar uwarsa, wari ya biyo baya.

"Ƙunzugu lamba goma sha huɗu ne," ya faɗa da muryar wanda aka yi wa rasuwa, ya kama murfin zai sake buɗewa.

"Bar shi." Matar ta zuge wata 'yar jaka da ke rataye a kafaɗarta, ta ciro ƙunzugu da tsumma da kayan canji.

Ya tsaya yana kallon jakar. "Wannan lamba nawa ce?"

"Ba ta da lamba."

"Kayan da ba ya cikin takarda ba ya shiga mota. A sito kora ake yi a kan wannan."

"To ka kore ni," ta ce, ta shige ɗaki da yaron.

Ƙarfe tara da kwata ya wangale get, ya shiga mota, ya tayar. Ya ɗaga wa Tela hannu irin na manya, ya saki birki. Motar ta mirgina taku uku, sai aka ji ƙwas daga sama. A saman get ɗin akwai wani ƙarfe da aka gitta tsakanin ginshiƙai biyu, shekara uku yana wucewa ƙarƙashinsa safe da yamma bai taɓa ɗaga kai ya dube shi ba. Yau bahon wanka ya gaishe shi.

Ya yi ribas, ya fito, ya hau kan dutse ya gwada da hannu. "Yatsa uku ne kacal."

"Na ga ka auna har jariri," in ji Tela. "Ƙofar ce ba ta samu shiga takarda ba?"

"Ka cire bahon kawai," in ji matar, wadda ta fito da yaron yana lumshe ido. "Inna tana da baho."

"In aka cire bahon ƙulli ya saki, in ƙulli ya saki lissafi ya rushe tun daga ashirin da shida." Ya sauko daga kan dutsen, idonsa ya yi wani haske da matar ta sani kuma take tsoro. "Ku matsa ku ga aiki. Ko babbar mota in ta zo ƙarƙashin gada ta ƙi wucewa, ba a sauke kaya. Iska ake ragewa."

Ya tsinci ƙusa, ya durƙusa gaban taya ta farko. Iska ta fara fita da shewa. Ya bi su huɗun ɗaya bayan ɗaya, yana komawa kan dutse yana gwadawa da yatsu. Saura biyu. Saura ɗaya. Don a samu tabbaci ya ƙara zagaye ɗaya, har tayoyin suka baje a ƙasa. A lokacin sauran 'yan haya sun fito, masu wucewa a titi sun fara tsayawa.

"Wannan darasi ne kyauta," ya ce wa jama'a. "A wani wurin sai an biya."

"Ba girin-girin ba dai, ta yi mai," in ji Tela.

Ya shiga, ya tayar, ya taho a hankali. Gaban motar ya wuce. Bahon ya shiga ƙarƙashin ƙarfen da ƙyar, kamar zare a kafar allura. Sarkin Lodi ya fara murmushi, har ya danna hon sau biyu. Abin da ya manta shi ne ɗan tudun simintin da Gwaggo ta sa aka yi a bakin get don ya tare ruwan sama. Da iska a taya motar tana tsallake shi ba ta ko sani ba. Yau da nauyin kaya talatin da biyu a kanta, tayoyin gaba suna sauka cikinta ya zauna daram a kan tudun da wata ƙara mai sa haƙori tsami.

Mai hankali a nan zai tsaya. Shi sai ya taka mai. Motar ta yi kuka, ta ɗaga baya, ƙafafun gadon yaro suka cije ƙarfen sama. Ya sa ribas, ta ƙi. Ya sa giyar gaba, ta ƙi. Hayaƙi ya turnuƙe tsakar gida, wani abu ya faɗi a ƙarƙashi ya yi ƙarar gwangwani.

"Kashe ta kafin ka rushe min gida," in ji Gwaggo.

Ya kashe. Ya kama ƙofa zai fito, ta buɗe faɗin tafin hannu ta daki ginshiƙi. Ya miƙa ta ɗaya ɓangaren ta kan jarkoki, ita ma haka. Motar ta toshe get ɗin tsaf, rabi a titi rabi a gida, shi kuma yana tsakiya. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Wani maƙwabci da ke son fita da babur ɗinsa ya tambaya ko yau a gida za a wuni. Wata mata ta ce ita kasuwa za ta. A titi kuwa an taru, ana leƙen gilashi ana tambayar ko sabon shago aka buɗe. Sarkin Lodi ya sauke gilashi ya fara ba da umarni ta 'yar tazarar, a tura ta nan, a ɗaga ta can. Maza shida suka tura har jijiyoyin wuyansu suka tashi, motar ko gezau.

Ƙarfe goma daidai wata farar mota ta tsaya a tsallaken titi. Yaya Direba ya fito, ya tsallako, ya tsaya a gaban motar. Ya duba sama, ya durƙusa ya duba ƙasa, ya taɓa taya da ƙafa. Da ya yi dariya da abin ya zo da sauƙi, amma ko murmushi bai yi ba.

"Ina kwana, ƙanena."

"Lafiya lau, Yaya. 'Yar matsala ce ta lissafi. Minti biyar."

"Sai an sauke na sama, a buga iska, sannan ta tashi daga kan tudun. Ina famfonka?"

Sarkin Lodi ya kau da kai. Takardar lodi tana hannun Tela, wanda ya tsince ta a kan dutse. Ya zagayo ta cikin shagonsa ya fito titi, ya gyara murya kamar mai karanta sanarwa.

"Famfon iska," ya ce, "lamba ɗaya."

"Wato a ina?"

"Wato ƙarƙashin kowa da komai. Dokar lodi kenan, Direba. Kai sitiyari kawai ka sani."

Dariyar da aka yi har tsallaken titi. Kunya ta rufe Sarkin Lodi, ya ji da ma kujerar ta haɗiye shi, ga shi ba hanyar gudu. Yana cikin wannan hali ya ga matarsa ta fito ta ƙofar shagon Tela, yaron yana barci a kafaɗarta, 'yar jakar nan a ɗaya kafaɗar. Ta zo ta tsaya daidai gilashin gaba.

"Maman yaro, ki ba ni awa ɗaya."

"Awa ɗaya ya farka, kuma ka san abin da zai biyo baya. Tsohuwa tana can tana jira tun asuba."

"Na yi mata alkawari da hannuna zan ba ta shi."

Ta ji yadda muryarsa ta sauya kuma ba ta ji daɗi ba. Amma ta dubi rana, ta dubi tayoyin.

"Ka ce kai za ka buɗe min ƙofa," ta ce a hankali. "Na yafe maka wannan."

Ta juyo da yaron don ya ga fuskarsa, sannan ta tsallaka titi. Yaya Direba ya buɗe mata baya, ya jira ta zauna, ya rufe. Sarkin Lodi yana riƙe da sitiyarin motar da ba ta zuwa ko'ina ya ga sun sha kwana.

Sauran aikin 'yan haya ne suka yi shi, don suna son fita. Gwaggo ta ɗauko wuƙar girkinta ta yanke ƙullin da ba mai iya kwancewa, cikin daƙiƙa biyu. Tela ya tsaya yana kiran lamba daga ƙasan takarda zuwa sama, ana sauke kaya ana ɗaga wa jama'a su gani. Da aka zo kan fo wani ya tambaya ko a miƙa wa direban ta taga, tunda ya daɗe a ciki. Sai wajen ƙarfe ɗaya aka kai ga famfo, aka yi karɓa-karɓa ana bugawa, aka turo motar baya. Salansar motar, bututun hayaƙinta, ta rage a kan tudun. Sarkin Lodi ya fito ƙafafunsa sun sage, ya buɗe baki zai yi bayanin inda kuskuren ƙofar yake, ya ga ba mai saurare.

Da la'asar yana zaune a kan katifar yaron a tsakar gida, kayansa zube kewaye da shi, waya ta yi ƙara. Inna ce. Sai da ta kusa tsinkewa ya ɗauka.

"Sun iso lafiya," ta ce. Muryarta cike da murna, yana jin ƙananan gunaguni na yaron kusa da wayar. "Ga shi a cinyata. Direba ne ya karɓe shi daga hannun uwar, ya durƙusa har ƙasa ya ɗora min. Yaron kirki, Allah ya yi masa albarka. Maigidan nawa kuwa goshinka ne sak."

Wata huɗu yana hango wannan lokacin, yana tsara har abin da zai faɗa.

"Inna, wallahi na shirya komai. Matsala ce ta—"

"Na ji. An ce ƙofa ce ta riƙe ka." Ta ɗan lallashi yaron. "Ni dai kai ma ina son ganinka, shekara guda kenan. Na roƙi Direba, ya ce gobe zai koma, jibi zai sake biyowa. Zai ɗauko min kai."

"Inna, ai ina da mota."

"Na sani, ɗana. Ka bar ta ta huta. Kada ka ɗauko komai, kada ka auna komai. Tun da wuri ka sa Tela ya fitar da kai ta shagonsa, ka tsaya a bakin titi inda Direba zai gan ka."